Wa ya ce ma ɗiyarki gashinta ba shi da kyau?

Duk jajibirin salla, daga Maraɗi har Damagaram, za ka ga ƴammata ƙanana sun yi layi gaban makitsiya. Wasu kuma an kai su salon, an laɓta masu man defiriza, suna ta mutsu-mutsu saboda zafi. In ka tambayi uwar, sai ta ce ai gashin ne ya cika tauri. To, wannan kallon da muke yi ma gashinmu kamar wata cuta yana da tarihi, kuma ba a gidanmu ya fara ba.

A 1975 aka gano gumakan yumɓu na Bura a jihar Tilaberi, masanin tarihi Bube Gado ya jagoranci tonon wurin a 1983. Akwai kawuna a cikinsu da magini ya zauna ya fitar masu da gyaran gashi. Na Nok, a jihar Kaduna ta Najeriya, sun ma fi su tsufa, sun haura shekara 2000, ga tukkaye da kitso iri-iri. Mutum ba ya ɓata lokacinsa yana sassaƙa abin da yake jin kunyarsa. Kakanninmu mata ma sun san doka, yara maza sun san zanko da tukku, kuma a da, da ganin kan mace kana iya gane budurwa ce ko matar aure, Bafillatana ce ko Babarbariya.

Abin ya juye ne a ƙetaren teku. Bayin da aka kwasa zuwa Amurka, da yawa sai da aka aske masu kai tun a bakin jirgi. A 1786 gwamnan Luwiziyana, Esteban Miro, ya kafa doka cewa dole baƙaƙen mata su ɗaure kansu a bainar jama'a. Kar a haɗa da kallabinmu na sutura da addini. Wancan don ƙasƙanci aka yi shi. Matan kuwa suka maida ɗaurin ado, har ya zama abin yayi. Amma raunin ya zauna: mai gashi mai santsi shi ke samun aiki. Shi ya sa lokacin da Garet Mogan, wani baƙar fata mai gyaran keken ɗinki, ya buɗe kamfanin man miƙar da gashi a 1913, bai sha wahalar neman masu saye ba. Jikokin wannan man ne ke cikin kantunanmu yau, har da kwalin yara mai hoton yarinya tana murmushi.

Me ke cikinsa? Da yawa soda ce, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, shi ya sa yake ƙona fatar kai. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000. Waɗanda ke shafa man fiye da sau 4 a shekara, haɗarin kansar mahaifa ya ninka a wurinsu fiye da sau biyu. Alaƙa aka gani, ba a ce duk mai shafawa za ta kamu ba. Ni dai a ganina hakan ya isa a raba kan ƴar shekara biyar da shi.

Can da abin ya fito, an daɗe da fara juya masa baya. A shekarun 1960 matasan baƙar fata suka saki gashinsu ya yi tozo, su Anjela Debis. A watan Agustan 2016 ɗalibai mata na wata lakwal a Piritoriya, cikinsu har da Zulaika Patel mai shekara 13, suka yi bore saboda ana matsa masu su miƙar da gashinsu, sai da hukuma ta dakatar da ƙa'idar. Kalifoniya ta hana wariya kan gashi a 2019. Kusa da mu, a 2025 masu gasar sarauniyar kyau ta Kodebuwa suka hana gashin kanti a zagayen farko.

Mu nan ba mushe ko madam ne ke korar yarinya don gashinta ba. A tsakar gida take jin maganar, lokacin tsifa: "kai kamar soson ƙarfe", "dubi na ɗiyar wance har baya". Yarinya tana riƙe wannan fiye da zafin mataji. Kuma rabin taurin daga hannunmu yake, don muna taje shi a bushe. Gashi mai murɗe yana son ruwa da mai. Tsofaffi da yoɗo suke wanke shi, yauƙin ya warware shi, sannan a bi da man kaɗe ko man shanu, a fara tajewa daga baki a gangaro gindi. Makitsiya kuma a ce mata ta sassauta hannu, musamman in an ƙara meshi, domin kitso mai tsauri shi ke cinye gashin gaban goshi, wani lokaci ba ya sake fitowa.