Cristina Neagu: sau huɗu gwanar duniya, amma ba zinare ko ɗaya wa ƙasarta

Jiya a ofis muna zaune muna jiran a dawo da wuta, hira ta kai mu kan wasanni. Na ambaci Cristina Neagu, sai wani abokin aikina ya ce, "Oga, wace ce kuma wannan? Wane kofi ta ciyo wa ƙasarta?" Na ce ko ɗaya. Ya bushe da dariya, ya ce to ai magana ta ƙare. Ni kuwa da abin na kwana a raina, shi ya sa na ce bari in rubuta. Da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

Neagu 'yar Romaniya ce, an haife ta a Bukarest ranar 26 ga Agusta, 1988. Wasanta ƙwallon hannu, wanda ake yi mutum bakwai-bakwai na minti 60. Gurbinta baya ta hagu, wato masu daka tsalle daga wajen mita tara su wurga ƙwallo ta saman kawunan masu tsaron gida. Duk wanda ya taɓa wasan a sakandare irina ya san wannan gurbi kafaɗa da gwiwa yake ci. Kana sama za a riƙe maka hannu, kana saukowa a ture ka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta fara suna a ƙungiyar Rulmentul ta garin Brasov daga 2006, sannan a 2009 ta koma Oltchim ta Ramnicu Valcea, wadda a lokacin ita ce giwar ƙasar. Shekarar 2010 tata ce. Oltchim ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, Viborg ta Danmak ta doke su. A watan Disamba Romaniya ta zo ta uku a gasar ƙasashen Turai, Neagu ta fi kowa jefa ƙwallo da guda 53. Hukumar ƙwallon hannu ta duniya ta naɗa ta gwanar shekara tana da shekara 22.

Daga nan kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba, hannun da take jifa da shi ke nan. Sai da aka yi mata aiki, ta yi kusan shekara biyu ba ta shiga fili ba. Ta dawo a ƙarshen 2012, ba a yi wata huɗu ba jijiyar gwiwa ta tsinke. Kamar wannan bai isa ba, ƙungiyar ma ta rushe a 2013. Oltchim fa sunan kamfanin sinadarai ne na gwamnati, shi ke ɗaukar nauyin 'yan wasan. Da bashi ya durƙusar da kamfanin, ƙungiyar ta bi shi. Mu ma'aikatan gwamnati ba sai an yi mana bayani ba, mun san yadda abu ke mutuwa ran da mai sa hannu a takardar kuɗi ya daina sa wa.

Mace mai shekara 24, kafaɗa da ɗinki, gwiwa da ɗinki, ba ƙungiya. Da yawa a nan labarinsu ke tsayawa. Buducnost ta Montenegiro ta ɗauke ta a haka. A 2014 suka kai wasan ƙarshe na zakarun Turai, Gyor ta Hangari ta cinye su. A 2015 suka sake komawa Budafest, suka doke Larvik ta Norwe da ci 26 da 22. Wannan ne kofin zakarun Turai ɗaya tilo da ta ɗaga a rayuwarta.

Amma ni abin da ya sa nake girmama ta shi ne gasar duniya ta Disambar 2015 a Danmak. Romaniya ta tsallake rukuni da ƙyar, ba wanda ya sa ta a lissafi. Sai ga shi sun fitar da Burazil mai riƙe da kofi. A zagaye na gaba suka haɗu da masu masaukin baƙi, zaure cike da 'yan Danmak, wasa ya kai ƙarin lokaci, aka tashi 31 da 30. A cikin 31 ɗin nan, 15 daga hannun Neagu suka fito. Kusan rabi, jama'a! Norwe ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe, shi ma sai a ƙarin lokaci, suka doke Folan suka karɓi tagulla. Ta gama gasar da ƙwallo 63, aka ba ta gwanar gasa. Gwanar duniya ta 2015 ita, ta 2016 ma ita.

To a nan amsar abokin aikina take. Norwe in ta rasa 'yar wasa ɗaya, akwai wata a benci da za ta shiga ba a ga bambanci ba. Romaniya kuwa, a ganina, tsarinta bai wuce a miƙa wa Cristina ba. Abokan hamayya sun san haka, sai su sa mata mutum biyu, wani lokacin a bi ta ƙafa da ƙafa tun daga tsakiyar fili. Kowane ofis yana da irin wannan mutumin: shi ya san inda kowane fayil yake, shi ke rubuta wa shugaba jawabi, ran da ya tafi hutu aiki ya tsaya cik. Ana yaba masa a taro, amma ba wanda ya damu a horar da na biyu.

An ga haka ƙarara a gasar Turai ta 2018 a Faransa. Romaniya na tafiya lafiya lau, sai a wasansu da Hangari gwiwar dama ta tafi, aka fitar da ita tana kuka. Sauran wasanni biyun da suka rage duk an cinye su, suka ƙare a na huɗu. Duk da haka ita aka ba gwanar duniya ta 2018, karo na huɗu. Ba wata mace da ta taɓa kaiwa haka.

Akwai inda ba zan kare ta ba. A 2017 ta koma gida, ƙungiyar CSM ta Bukarest, wadda ta ci kofin zakarun Turai shekara guda kafin zuwanta. An zuba kuɗin hukumar birni, an sayo manyan 'yan wasa, ta yi shekara takwas a can, kofin bai dawo ba. Nan ba za a ce babu mataimaka ba. Wasannin Olamfik ma sau biyu ta je, Beijin 2008 da Riyo 2016, ta dawo hannu rabbana.

Ta bar wa ƙasarta wasa bayan gasar duniya ta 2023, ta yi ritaya gaba ɗaya a 2025. Ta tafi da ƙwallo 303 a gasar ƙasashen Turai da fiye da 1,000 a gasar zakarun Turai, da hannun nan da likitoci suka farka suka ɗinke tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai.

Gobe in Allah ya kai mu zan buɗe wa mutumina wasan Danmak na 2015 a waya, in dai data ta yarda. Wanda ya kalle shi a cikinku ya faɗa mana abin da ya gani.