Daga Jakin Fatake Zuwa Motar Kwatano: Wa Ke Lamuni Idan Giya Ta Lalace?



Tun kafin a san mota, Jugu zango ce babba a kan hanyar goro da ta taso daga Kano da Sakkwato ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Farke ba ya sayen jaki sai a gaban maigidan da ya sauke shi. Idan aibi ya bayyana, maigida ake kamawa, domin shi ne lamuni. Wannan amana ce ta riƙe fatauci shekaru aru-aru.

A 1936 layin dogo daga Kwatano ya iso Faraku, nan kuma ya tsaya. Kayan da za su Nijar sai an sauke su an ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Da haka Faraku ta zama garin direbobi da makanikai, 'ya'yan fatake da dama suka koma yaran mota.

Zamanin Peugeot ya biyo baya: 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna. Giyarsu ta hannu ce. Bakanike na iya kwance ta a gindin bishiya, ya sauya kuloci, ya mayar kafin la'asar. Kayan gyara na kusa, ilimin gyaran kuma yana kan kowane yaron gareji.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta ƙara fin ƙarfin talaka. Kasuwar tsofaffin motocin Turai ta bunƙasa a tashar ruwan Kwatano, har 'yan'uwanmu na Kano suka riƙa kiran irinsu 'yar Kwatano. Daga baya na Amurka suka kwararo, akasarinsu masu giyar atomatik, wadda ke aiki da matsin mai da umarnin kwamfuta. Wata irinta, CVT, bel ɗin ƙarfe ne da ita maimakon haƙora, kuma ba ta karɓar kowane mai sai nata. Wanda ya zuba mata wani ya kashe ta da hannunsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Da ƙorafi ya yi yawa a Amurka, kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyar CVT na motocin 2003 zuwa 2010 har shekara 10 ko mil 120,000. Mai mota a can ya amfana. Amma kafin motar ta ƙetaro teku ta iso kasuwar Arzeke, wa'adin ya cika ko ya kusa, ba kuma wanda zai saurari mai ita. Mota ta zo, alkawarin masu ƙera ta bai biyo ta ba. Mutum ya haɗa kuɗin adashi da na gado, wata uku giya ta fara zamewa tsakanin Faraku da Jugu, dillali ya ce ai an riga an yi ciniki.

Alhali shari'a ba ta bar mu a duhu ba. A mazhabar Malikiyya ɓoye aibin haja haramun ne, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa idan tsohon aibi ya bayyana. Muhtasar na Shaihu Halil ya ba da kimanin kwana uku na zaɓi ga mai sayen dabba, idan an sharɗanta.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin dillalai su farfaɗo da matsayin maigida. A rubuta ciniki gaban shaidu biyu, a sanya kwanakin gwaji, a kai mota wurin bakanike ya duba man giya: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, a dakata. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kiyaye hanya. Amin.