Tiyatar gyaran wuya da muƙamuƙi a ƙasashen waje: yadda ake yin ta da abin da kan biyo baya

Gyaran wuya da muƙamuƙi yana cikin ayyukan tiyatar kwalliya da aka fi tallatawa a Instagram da TikTok. Asibitocin Turkiyya da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe kan nuna hoton mutum kafin aiki da bayan aiki, sannan su yanka farashi guda da ya ƙunshi tiyata da otal da mota da tafinta. Aikin kansa na 'yan sa'o'i ne, zaman da ake tsara wa baƙo kuwa bai cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. Warkewa ita ce ke cin watanni, kuma mafi yawan wannan lokaci a gida mutum zai yi shi, nesa da likitan da ya sa masa wuƙa.

Ayyukan da ake nufi

Ayyuka ne daban-daban ake haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne zuƙe kitsen da ke taruwa a ƙarƙashin haɓa, inda ake huda ƙaramar kafa a zura siririn bututu a tsotse shi. Wannan yakan yi amfani ne ga wanda fatarsa ke da sauran ƙarfin komawa ta ɗame. Akwai kuma allurar narkar da kitsen wurin, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015 da sunan Kybella.

Idan fata ta saki saboda shekaru ko saboda rama mai yawa, sai a yi abin da ake kira ɗame wuya. A ƙarƙashin fatar wuya akwai wata siririyar tsoka mai faɗi da likitoci ke kira filatisma, wadda ta taso daga saman ƙirji ta haura zuwa muƙamuƙi. Idan ta saki, ita ce ke fitowa kamar igiyoyi biyu a gaban wuyan dattijo. Likita kan tsaga ƙarƙashin haɓa da kewayen kunnuwa, ya ɗaga fatar, ya ɗinke tsokar, ya yanke ragowar fata. Likitan Suwidin Tord Skoog ne ya yaɗa dabarar ɗaga tsoka tare da fata a 1974, bayan an daɗe ana jan fata kawai, abin da ba ya ɗorewa. Wasu likitoci a yau kan zurfafa har su rage ƙullutun da ke samar da yawu a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma wannan yana ƙara yiwuwar zubar jini a wuri mai wuyar kaiwa.

Sai ayyukan ƙashi, waɗanda su ne mafi nauyi. Ana iya dasa ɗan silikon a gaban haɓa don ta ƙara fitowa, ko a yanke ƙashin haɓar a matsar da shi gaba a ɗaure da ƙarfe. A Koriya ta Kudu aikin da ya yi suna shi ne aske kusurwar muƙamuƙi don fuska ta tsuke daga ƙasa, ana shiga ta cikin baki don kada tabo ya fito. Akwai kuma sara muƙamuƙin sama da na ƙasa a sake daidaita su, aikin da asalinsa na masu matsalar tauna ne, kafin a mayar da shi na ado.

Inda ake zuwa

Istanbul ce kan gaba wajen jan baƙi daga Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, sai Antalya da Izmir. Tun 2017 dokar Turkiyya ta wajabta wa duk asibiti ko kamfanin dillanci da ke hulɗa da marasa lafiya daga waje ya mallaki takardar izini. A birnin Seoul, unguwar Gangnam ce cibiyar sana'ar, inda ɗaruruwan asibitocin kwalliya suka taru a 'yan tituna. Tailan da Indiya da Dubai da Masar su ma suna samun nasu rabo, Amurkawa kuwa sun fi tsallakawa Meziko.

Ga mutumin Landan ko Balin, arha ce ke kai shi Istanbul. Ga ɗan Najeriya lissafin ya sha bamban, domin da dala ko yuro zai biya, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin ya ninka. Abin da ya fi jan mutane daga nan shi ne sirri da kuma yarda da asibitin waje. Ga ɗan kasuwar da ya saba zuwa Istanbul ko Dubai sarin kaya, akwai kuma ruɗin cewa zai haɗa tafiya biyu a tikiti ɗaya. Wannan kuskure ne babba: wanda aka yi wa aiki a wuya ba shi da halin yawon kasuwa ko ɗaga kaya har tsawon makonni.

Abin da ya sa wuya ya bambanta

Matsalar da aka fi samu bayan ɗame fuska da wuya ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fata, kuma yawanci cikin sa'o'i 24 na farko take aukuwa. A wani sashe na jiki za a iya jira zuwa safiya. A wuya kuwa jinin da ya taru zai iya danne hanyar numfashi, sai an buɗe ɗinkin nan take. Saboda haka tambayar inda mutum zai kwana a daren farko, a gadon asibiti mai likita a kusa ko a ɗakin otal, ta fi tambayar farashi muhimmanci. Haɗarin ya fi yawa ga masu hawan jini, ya kuma fi yawa ga maza, saboda fatar da gemu ke tsirowa a kanta ta fi yawan hanyoyin jini.

Sai jijiyoyi. Wata siririyar jijiya da ke motsa leɓen ƙasa tana bin gefen muƙamuƙi, daidai inda ake aiki. Idan aka taɓa ta, baki kan karkace lokacin murmushi ko magana. Galibi yakan daidaita cikin makonni ko watanni, amma akwai wanda yake zama da shi har abada. Wata jijiyar da ke kai ji ga kunne ita ce aka fi jikkatawa, sai mutum ya daina jin taɓi a ƙasan kunnensa. A aikin ƙashi kuma jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa ce ke cikin haɗari, kuma ita ce ke sa mutum ya ji leɓensa da haɓarsa.

Akwai wani al'amari da hotunan talla ba su cika nunawa ba, domin mafi yawan waɗanda ke cikinsu fararen fata ne. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu da ake kira kiloyid, wanda ke girma ya wuce iyakar raunin da ya haifar da shi. Kunne da gefen muƙamuƙi suna cikin wuraren da ya fi fitowa, kuma nan ne ainihin inda ake yanka. Ba ya bayyana a makon farko. Sai bayan watanni yake tasowa, lokacin da mutum ya daɗe da komawa Kano ko Abuja. Duk wanda hujin kunne ko askin gemu ko tsohon rauni ya taɓa bar masa irin wannan tabo, ya kamata ya san cewa zai iya musanya sakin fata da abin da ya fi shi muni. Masu shafa man bilicin mai ɗauke da sinadarin sitiroyid su ma suna da ƙarin matsala, domin yana sirantar da fata ya jinkirta warkewar rauni.

Wane ne ya riƙe wuƙar?

A watan Satumban 2016 wani ɗalibin jami'a mai suna Kwon Dae-hee ya shiga wani asibitin kwalliya a Seoul don a aske masa muƙamuƙi. Ya zubar da jini mai yawa, ya shiga doguwar suma, ya rasu bayan mako bakwai. Mahaifiyarsa, Lee Na-geum, ta samo hoton kyamarar ɗakin tiyata ta bi shi dalla-dalla. Hoton ya nuna cewa likitan da aka yi ciniki da shi yana kai-komo tsakanin ɗakuna, ya bar wani likita da mataimakan jinya a kan mara lafiya. Kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara uku. A watan Agustan 2021 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta wajabta sanya kyamara a ɗakunan tiyata, ta fara aiki a Satumban 2023, kuma mara lafiya ko waliyyinsa na da ikon neman a ɗauki hoton aikin.

Kwon ɗan ƙasa ne, yana jin harshen, iyalinsa suna kusa, duk da haka sai da aka shafe shekaru ana shari'a. Baƙon da ya yi ciniki ta WhatsApp da wani dillali, bai ga likita ba sai ana gobe aiki, kuma ya sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa, ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. Sunan likita a rubuce, da tabbacin cewa ƙwararre ne a fannin tiyatar gyaran jiki mai rajista a ƙasarsa, abubuwa ne da ake iya bincikawa tun daga gida. Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, tana da jerin mambobinta a intanet. Shaidar ingancin asibiti ta JCI tana da amfani, sai dai ginin da tsarinsa take tantancewa, ba hannun kowane likita ba.

Kafin a sayi tikiti

Ba kowane kumburin wuya ne kitse ba. Maƙoƙo da kumburin ƙullutun yawu da ƙari duk suna iya cika wuya, kuma ba a gane su ta hoton waya, wanda shi ne kawai abin da dillalai da yawa ke nema. Likita a gida ya fara dubawa. Hawan jini da ciwon suga sai an daidaita su, mai sikila kuma yana buƙatar shiri na musamman kafin a sa shi barci. Taba da shisha suna tsuke ƙananan hanyoyin jini har fatar da aka ɗaga ta mutu, shi ya sa likitoci ke neman a daina su makonni kafin aiki da bayansa. Asfirin da wasu magungunan gargajiya suna ƙara zubar jini, kuma ɓoye su ga likita cutar kai ne.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Putrajaya a ƙasar Malesiya a 2007. Ta halatta aikin da ake yi don gyara naƙasar haihuwa, ko ɓarnar ƙuna da haɗari da ciwo, ko maido da amfanin wata gaɓa. Ba ta halatta sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayon wasu ba. Mai gyaran muƙamuƙi don ya iya tauna da mai aske shi don ado ba su cikin hukunci ɗaya.

Bayan an dawo

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar a jira kwana 7 zuwa 10 bayan tiyatar kwalliya ta fuska kafin a hau jirgi. Doguwar zama bayan tiyata tana ƙara yiwuwar gudan jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya toshe huhu. Tafiya daga Istanbul zuwa Abuja ta kai wajen sa'a shida, daga Seoul kuwa sai an sauya jirgi an kwana a hanya. Galibi ana cire zare tsakanin kwana 5 zuwa 10. Ƙurjin jini kan dushe cikin mako biyu ko uku, ƙashi kan ɗauki kimanin mako shida kafin ya haɗe, kumburi kuwa yana iya kaiwa wata shida bai gama sacewa ba.

A cikin wannan tsakani ne ragowar matsalolin ke fitowa: ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, ɗinki ya buɗe, silikon ya goce, ko rauni ya kamu da ƙwayoyin cuta. Akwai wasu ƙwayoyi 'yan uwan na tarin fuka da aka sha samu a jikin masu dawowa daga tiyatar kwalliya a waje, waɗanda ba sa nuna alama sai bayan makonni, kuma maganinsu kan ɗauki watanni ana haɗa ƙwayoyi iri-iri. Najeriya tana da ƙwararrun likitocin wannan fanni a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NAPRAS, a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi na tarayya, sai dai ba su da yawa, kuma masu ƙuna da masu raunin haɗari sun riga sun cika musu hannu. Likitan da aka kawo wa aikin wani ba tare da rahoton tiyata ba zai yi lalube ne: bai san zurfin da aka kai ba, bai san irin abin da aka dasa ba. Saboda haka karɓar cikakken rahoto da Turanci, da sunan magunguna, da lambar duk abin da aka dasa, wajibi ne kafin a bar asibiti. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin matsalar tiyatar da aka je yi da gangan. Alkawarin gyara kyauta da wasu asibitoci ke yi kuma bai cika haɗawa da tikiti da biza da masauki ba, sannan likitoci kan jira wata shida zuwa shekara kafin su sake taɓa wurin.

Idan abin ya kai ga shari'a, a ƙasar da aka yi aikin za a yi ta, da dokarta da harshenta da lauyoyinta. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a ranar 23 ga Oktoba, 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya, bayan tiyatar zuƙe kitsen ciki. Duk da matsayinta, sai a 2009 wata kotun Malaga ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya.