Karanta Shekarun Dabba a Haƙori da Ƙashi: Darasi Daga Masu Nazarin Sil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa, a Sara ta ƙasar Gwaram ko a Birnin Kudu, ya san ba a gama cinikin sa sai an buɗe bakinsa. Dillali zai danƙe hanci da hannu ɗaya, ya ja leɓen ƙasa da ɗayan, ya leƙa. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Takwas ɗin ƙasa su ne shaida. In biyun tsakiya sun yi famfara, manya sun fito, to an kai shekara biyu ko an ɗan haura. In takwas sun cika, an doshi biyar. Lissafin nan har addini ya shafa, tunda a mazhabar Malikiyya sai sa ya shiga shekara ta huɗu yake isa layya.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan baki ya cika. Daga nan sai kirdado da zaizayar haƙori, ita kuwa ta danganta da abin da dabba ke ci. Wadda ke kiwo a faƙo, tana haɗa ciyawa da yashi, ba za ta zo daidai da ta turke mai cin dusa da harawa ba.

Wannan matsala ce ta sha kan masu nazarin sil, wata dabbar teku mai shayarwa. A siffa ta ɗan yi kama da ayu na kogin Binuwai, sai dai ita kifi take ci, kuma a tudu take haihuwa. (Ba ta yi mana nisan da ake zato ba: akwai wani jinsinta a gaɓar Ras Nouadhibou ta Muritaniya.) Da farko ƙoƙon kai suke aunawa, su duba ko mahaɗar ƙasusuwansa ta liƙe, su duba ko kawunan dogayen ƙasusuwa sun manne da jikinsu. Awon yana raba yaro da babba, amma da girma ya tsaya shi ma sai ya yi shiru, kamar dai bakin sa.

A 1950 Victor Scheffer ya nuna cewa saiwar fiƙar sil na tsibiran Pribilof a Alaska tana da zobe-zobe masu bin shekara. A 1952 Richard Laws ya yanka fiƙar wani babban jinsi na kudancin tekun Atilantika, ya ga layuka a jere a ciki. Dalilin kuwa shi ne haƙori yana ƙara shimfiɗa a hankali, kuma ta lokacin ƙoshi ta bambanta da ta lokacin da dabba ta daina cin abinci don haihuwa ko sauya gashi. A ganina abin koyi ba layukan ba ne. Scheffer ya gwada su ne a kan dabbobin da aka yi wa alama tun suna jarirai, waɗanda babu tantama a kan shekarunsu. Da wannan ma'auni ne awon ƙashi ya sami madogara.

Mu fa? Yanayinmu ya dace da wannan hanya matuƙa. A Yuganda, inda damina ke zuwa sau biyu, an ga layi biyu a shekara a haƙorin ɓauna. A kudancin Jigawa damina ɗaya ce, rani ɗaya, kuma kowa ya san yadda shanu ke ramewa a bazara kafin ruwa ya sauka. Hankali zai ba da layi ɗaya a shekara, amma sai an gwada kafin a ce haka ne. Jadawalin da masu tonon tarihi suka fi dogaro da shi, na I. A. Silver na 1969, a kan dabbobin Turai aka gina shi, alhali Bunaji mai yawon kiwo ba ya girma da saurin waɗancan.

Birnin Kudu na da hujja ta musamman a nan. Zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, ya ƙunshi shanu marasa tozo, ba irin na karar yau ba. Duk ranar da aka tono ƙashin shanu a gindin duwatsun nan, tambayar farko ita ce: maruƙa ake yankawa, ko tsofaffin da suka gama ba da nono? Amsar ce za ta nuna irin kiwon mutanen, kuma ba ta samuwa sai da ƙasusuwan kwatanci.

Wani zai ce wa zai bar kan sa ga masu bincike, ga farfesu na jira. Ai ba naman ake so ba. Haƙori ɗaya da muƙamuƙin da aka gama ci sun wadatar, muddin an san ranar haihuwar dabbar. Makiyayi kuwa ya san damanar da kowace saniyarsa ta haihu. Alama a kunne da littafin rubutu kawai suka rage. Kirana ga malaman kimiyyar dabbobi na Jami'ar Tarayya ta Dutse shi ne su zauna da makiyaya da mahautan Gwaram da Birnin Kudu, a fara tara waɗannan ƙasusuwa tun daga layyar bana.