Fansho a Ƙasar Katagum: Daga Alherin Fada Zuwa Haƙƙin Ma'aikaci

Mai hidimar fadar Katagum, masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, bai san albashi ba balle fansho. Riga da doki da gona da hatsi su ne rabonsa, in tsufa ya cim masa kuma fada da 'ya'yansa ne gatansa. Wannan tsari ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma ya rataya ne kacokan a kan yardar mai bayarwa. Wanda aka tuɓe ya rasa kome, kuma babu inda zai kai kuka.

Da Turawa suka kawo baitulmali a Arewa wajen 1911, sai hakimai da alƙalai da malaman haraji da dogarai suka koma kan albashi. Bayan an mayar da hedikwatar masarauta Azare a 1916, garin ya zama mazaunin En'e da ma'aikatanta. Albashi ya samu lissafi, amma tsufa bai samu ba. Ko dokar fansho ta 1951, wadda aka yi wa ma'aikatan gwamnati, ba ta ɗauki fansho a matsayin haƙƙi ba. Gwamna na iya bayarwa, yana iya hanawa. Wato alherin ya tashi ne kawai daga hannun sarki ya koma hannun Bature. Sauyi na gaske ya zo a hankali: gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya rushe En'e, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, sai dokar fansho mai lamba 102 ta 1979, sannan tsarin mulkin 1999. Sashe na 210 ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fansho ko garatuti, ya ce a sake duba kuɗin duk shekara biyar ko lokacin gyaran albashi, ya kuma hana a sa masa haraji. A ganina wannan sashe ne ya raba zamanin roƙo da zamanin neman haƙƙi.

Wasu za su ce rubutu a takarda ba ya cika tukunya, tun da tsofaffin malaman firamare na jiran garatuti shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Amma jinkirin bai soke haƙƙin ba, ya dai fallasa raunin tsohon tsari, inda ba a tanadi ko kwabo tun ma'aikaci na bakin aiki, sai ya yi ritaya a fara lalube a kasafin shekara. Abin da dokar 2004 ta zo gyarawa ke nan da fanshon adashin gata, ta 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, a asusu mai sunansa da hukumar PenCom ke sa wa ido. Wasu kuma za su ce riƙon tsoho aikin 'ya'ya ne. Ba na musun wannan, sai dai ladan ɗa bai yafe wa gwamnati bashin da ke wuyanta ba. Ma'aikacin asibitin tarayya da ke Azare yana iya neman takardar asusunsa ya ga abin da aka zuba da wanda aka ƙi zubawa. Malamin makaranta a Madara ko Chinade ya cancanci ya ga nasa haka.