Awa 24 a Bakin Aiki, Kuɗin Awa 13

Duk wadda ta yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Niyok ta san aikin kwana: ki shiga gida da safe, ba fita sai washegari, a biya ki kuɗin awa 13. A lissafin masu biya kin yi barcin awa 8, kin ci abinci na awa 3. Wanda ya yi wannan lissafi bai taɓa kwana da dattijuwa mai ciwon mantuwa ba, wadda za ta farka da tsakar dare tana neman mijinta da ya rasu tuntuni. A 2019 babbar kotun jihar ta amince da tsarin, muddin dai an samu barcin. Mu 'yan Afirka ta Yamma da ke wannan aiki a Bronx a haka muka tarar da shi, amma matsalar ta girme mu.

A 1938 Amurka ta yi dokar mafi ƙarancin albashi, ta bar masu aikin gida da ma'aikatan gona a waje, saboda 'yan majalisar Kudu ba su yarda a yanka wa aikin baƙaƙen fata farashi ba. A 1974 aka shigar da masu aikin gida, amma aka ware masu zama da tsofaffi, wai su 'yan taya hira ne. Matar da ke ɗaga ƙato daga gado, ta yi masa wanka, ta canza masa ƙunzugu, ita ce mai hira!

Evelyn Coke, 'yar Jamaika mazauniyar Queens, ta shafe kusan shekara 20 tana wannan aiki ba a biyan ta kuɗin ƙarin lokaci. Ta kai ƙara a 2002. A 2007 alƙalan Kotun Ƙoli su tara duka suka ce ba ta da haƙƙi. Ta rasu a 2009. Sai a 2013 gwamnatin Obama ta sauya ƙa'idar, kamfanoni suka ruga kotu, ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 2015.

Kafin nan an yi nisa ta wata hanyar. A Fabrairun 1999 masu irin wannan aiki 74,000 na yankin Los Angeles suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta SEIU. Haɗa kan mutanen da ba su da masana'anta, kowacce tana gidan wani ita kaɗai, ba ƙaramin aiki ba ne. A tashar bas da ƙofar gida ake samun su. A 2007 aka kafa ƙungiyar masu aikin gida ta ƙasa a Atlanta, Ai-jen Poo ta zama fuskarta, a 2010 kuma jihar Niyok ta yi dokar haƙƙin masu aikin gida, ta farko a ƙasar.

A Mayun 2024 Mary Kay Henry ta sauka daga shugabancin SEIU bayan shekara 14, April Verrett ta hau, baƙar fata ta farko a kujerar. Mun yi murna, don a da ita ke jagorantar reshen masu kula da tsofaffi na Kalifoniya, ta san zafin abin. Sai dai ni ban ɗora wa sauyin shugaba dogon buri ba. Yawancin kuɗin aikinmu daga Medicaid yake fitowa, asusun lafiyar marasa ƙarfi. Kamfanin da ya tura ki ɗan tsakiya ne. Mai yanka farashi na zaune a majalisar jiha da Washinton. Shugabar ƙungiya komai bakinta, matsa lamba kawai za ta yi.

Mun ga iyakar hakan a 2021. Biden ya nemi dala biliyan 400 don kula da mutane a gida, aka zaftare ta koma biliyan 150, daga ƙarshe ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa. Gyaran 2013 ma ba majalisa ce ta yi shi ba, ƙa'idar ma'aikata ce, wadda sabuwar gwamnati ke iya gogewa. A Yulin 2025 Ma'aikatar Ƙwadago ta gabatar da shawarar janye shi, a koma tsarin 1975 na ware masu zama da tsofaffi.