Idan Runduna Biyu Suka Nufi Gari Ɗaya

A dara bi da bi ake yi: ka taka, abokin wasa ya taka. Allan Calhamer, ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya ga ba haka yaƙi yake ba, domin babu sarkin da ke jiran maƙwabcinsa ya gama shiri. Da wannan tunani ya ƙirƙiro wasan Diplomacy a 1954, ya buga kwafi 500 da kuɗin aljihunsa a 1959.

Taswirar Turai ce ta 1901, da dauloli bakwai: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Rasha, Turkiyya da Ostiriya-Hangari. Akwai cibiyoyi 34, wanda ya riƙe 18 ya ci. Bayan an ƙulla yarjejeniyoyi, kowa zai rubuta umarninsa a asirce, sannan a buɗe gaba ɗaya. To, idan runduna biyu suka nufi gari ɗaya fa?

Amsar Calhamer ita ce abin da ya fi burge ni a wasan. Bai bar wa sa'a komai ba. Kowace runduna ƙarfinta ɗaya. Idan biyu suka yi karo, babu mai shiga, kowa ya tsaya inda yake. Sai wadda wata rundunar ta mara wa baya ce ke rinjaye, kuma idan aka kai wa mai mara bayan hari daga wani ɓangare, taimakonta ya yanke. Ke nan sau da yawa ba ka cin gari sai da aboki, abokin kuwa yana iya yaudararka a takardarsa.

Tun daga 1963, lokacin da John Boardman ya fara gudanar da wasan ta gidan waya daga New York, masu alƙalanci suka riƙa cin karo da inda dokar ke cin kanta. Ga misali: Faransa ta ɗauko soja daga Brest a jirgin ruwanta da ke Mashigin Ingila, za ta kai hari Landan. Jirgin Ingila da ke Landan kuwa yana mara wa na Wales baya don su kori wancan jirgin. In sojan ya iso, taimakon ya yanke, jirgin Faransa ya tsira. In taimakon ya tsaya, an kori jirgin, sojan bai ma taso ba. Duka hukuncin biyu suna kan doka!

Littafin dokoki na 1971 ya yanke cewa sojan da aka ɗauko a jirgi ba ya yanke taimakon da ake bayarwa don kai wa jirgin nasa hari. Wannan ya toshe ƙofa ɗaya, amma wasu sarƙaƙƙun sun saura, aka sake taɓa dokar a 1982 da 2000. Da alƙalanci ya koma hannun kwamfuta, wadda ba ta san sasanci ba, shawarar wani mai suna Simon Szykman ta samu karɓuwa: duk inda lissafi ya cije haka, a ɗauka sojan bai motsa ba, a hukunta sauran umarnin yadda aka saba.